Sun ce jinina ya hau, ni kuma garau nake jin kaina

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Jini na je bayarwa asibiti, matar maƙwabcina za a yi wa aiki. Kafin a ɗiba suka ɗaura mini abin awo a dantse. Ma'aikacin ya duba, ya kwance ya sake ɗaurawa, sannan ya ce, "Malam, yau ba za mu taɓa jininka ba, 168 bisa 102 ne." Da na koma wani satin aka sake samun kusan haka, likita ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum da safe. To ni wallahi garau nake. Ba ciwon kai, ba jiri, ina cin tuwona ina barcina. Yayana ya ce kada in kuskura in fara, wai wanda ya fara ƙwayar hawan jini shi da ita sai kabari. Takardar tana aljihuna har yanzu ban saya ba. Me ke kawo abin nan ne? Kuma ba wani abu da mutum zai yi a gida ya sauka?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe, ɗana. Zoɓo za ka riƙe. A tafasa maka da citta da kanumfari, kada a sa sukari ko kaɗan, ka sha safe da yamma. Tafarnuwa kuma ƙwaya biyu, ka ɓare ka haɗiye kafin ka karya. Mu da shi muke lallaɓawa, ga mu nan alhamdu lillahi.

Na Bakin Kasuwa:
Ni ban ga abin dogon bincike a nan ba. Tunani ne ke kawo shi, shi ke nan. Magidanci ya kwanta da kuɗin haya a ka, ya tashi da kuɗin makaranta, ya je kasuwa a gaya masa kuɗin kwanon shinkafa, ina jini ba zai hau ba? Kakanninmu sun sha kunun kanwa, sun lashi gishiri, sun kai tamanin suna noma, wa ya taɓa jin hawan jini a bakinsu? Kuma jiki magayi ne. Tunda ba ka jin komai, ka bar na'urar Bature ta yi ta lissafinta.

Sista Maman Haidar:
Baban Ilham, sannu. Kafin zance ya yi nisa: ka sayi ƙwayar nan yau, ka fara gobe da safe.

Lambobin da aka ba ka, ta sama ƙarfin da jini ke dukan jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma wanda ya rage idan ta saki. Lafiyayyen babba yana wajen 120 bisa 80 ko ƙasa da haka. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne. Kai da ke 168 bisa 102 ka wuce zaure, kana tsakar gida.

Na Bakin Kasuwa, a wannan ciwon jiki ba ya gaya wa mai shi komai. A ɗakin da nake aiki na sha auna mutum ya haura 200 yana ta raha da mu, da ƙafarsa ya zo. Ranar da jikin zai yi magana, da karkacewar baki yake yi, ko ƙoda ta tsaya, ko ido ya dushe, ko zuciya ta kumbura mutum ya kasa barci sai a jingine. Ciwon ƙeyar nan da mutane ke jira su ji, da yawa ba sa taɓa jin sa.

Kakanni kuma, wa ya auna su? Wanda ɓarin jikinsa ya shanye a ƙauye cewa ake iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Wanda ya faɗi a gona a ce kwana ne ya ƙare. Waɗanda suka kai tamanin ɗin su muke tunawa, su kuma da ƙafa suke zuwa gona su dawo, ba a kan babur ba.

Na Bakin Kasuwa:
Yanzu Sista so kike ki ce damuwa ba ta sa jini hawa? Ke dai ba ki da ɗan haya ne.

Likitan Gobe:
Yallaɓai, tana sawa, amma ba ita kaɗai ba ce, ba kuma ita ce babba ba. A cikin mutum goma masu hawan jini, wajen tara ba a iya nuna abu ɗaya a ce shi ne sanadi. Taruwa suke yi: gado, shekaru (jijiya tana tauri idan aka manyanta), yawan gishiri, teɓa, zama wuri ɗaya, giya, sannan taba da shisha suna ƙara lalata jijiyoyin. Mu baƙar fata kuma jikinmu ya fi saurin riƙe gishiri, ciwon yana kama mu da wuri, yana kuma yi mana ɓarna fiye da Turawa. Ragowar ɗayan shi ne wanda wani ciwo ke tura jininsa sama, yawanci ƙoda.

In da tunanin haya ne kaɗai, da masu kuɗin duniya sun tsira. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya wajen biliyan 1.3 ke da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Na Bakin Kasuwa:
Yaro, ka gama karatun tukuna. Masu kuɗin ai sun fi mu tunani.

Sista Maman Haidar:
Hahaha. Gaskiyarka ɗaya: ɓacin rai yana harba jini sama nan take, kuma wanda kullum cikin zullumi yake ba ya barci, yana yawan goro da taba, duk suna taimakawa. Amma ka biya wa mutum haya ka cika masa rumbu, in mahaifinsa mai hawan jini ne kuma miyarsa gishiri zau, jinin ba zai sauka ba.

Baban Ilham, a gidanku akwai mai shi? Wane aiki kake yi? Kana minshari?

Baban Ilham:
Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, Allah ya jiƙansa. A lokacin cewa aka yi sammu ne. Ni tela ne, daga safe zuwa isha ina kan keke, ga shi yanzu na lantarki ne, ko ƙafa ba na motsawa. Minshari kuwa uwargida ta ce har numfashina kan ɗauke in zabura.

Sista Maman Haidar:
Allah ya jiƙan Baba. To ka ga amsarka ta fito daga bakinka. Minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa ka gaya wa likita, yana cikin abubuwan da ke hana jini sauka ko ana shan magani. Ka nemi a duba maka fitsari da ƙoda da sukari. Yayan naka ma da ke hana ka, ka ja shi a auna shi, uba ɗaya kuke.

Batun "sai kabari": ƙwayar ba ta sa jiki ya saba da ita. Tana danne jinin ne na kwana guda, in ka bari ya koma inda yake tun asali. Akwai waɗanda suka rage teɓa suka gyara tukunya har likita ya rage musu magani, amma likitan ne ke ragewa bayan awo, ba majalisa ba.

Uwar Girki:
Tunda an taɓo tukunya bari in shigo, sana'ata ce. Maza ba ku san abin da ke shiga miya ba, ku dai a zuba muku. Miyar gida mai mutum goma, mace za ta murmushe dunƙule takwas, wata goma. Ta kawo gishiri cokali biyu na shayi, ta barbaɗa farin magi, in kuka ce ko wake ta jefa kanwa. An kawo kwano, maigida bai ko ɗanɗana ba zai ce miƙo yaji. Yajin nan da me aka daka shi? Dunƙule da gishiri. Da safe burodi da taliyar yara da 'yar ledar garinta duka, da rana ɗanwake da yaji, da dare a biya wajen mai tsire. Sai mutum ya ce shi ai ba ya cin gishiri, don bai ga farin abu a hannunsa ba.

Likitan Gobe:
Anti kin gama magana. Bari mu yi lissafin tukunyarki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce shi ne giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba a tula ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da yaji. Ƙaramin dunƙule yana wajen giram 4, kusan rabinsa gishiri ne. Takwas sun ba mu giram 16. Cokali biyu, giram 10. Ashirin da shida kenan, a raba wa mutum goma: kowa ya ci fiye da rabin kasonsa na yini a miya ɗaya, in ma daidai aka raba. Maigida kuwa kwanonsa ya fi na kowa miya. Ba mu lissafa farin magi da kanwa ba, alhali sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, sodiyam, yana cikinsu su ma.

Hajiya Mai Atamfa:
A'a, a nan zan tsaya. Ku bar kanwa ta huta. Kanwa magani ce, tana wanke ciki, tana kawo ruwan nono. Haihuwa tara na yi, kowacce na sha kunun kanwa na yi wankan jego arba'in cur. Me ya same ni?

Likitan Gobe:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan maganar a ƙasarmu aka yi bincikenta, ba a Turai ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura mata masu jego suna zuwa da yawa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza. Yawan ya wuce abin da aka sani a sauran duniya. Da suka bi sawu suka ga matan suna shan kunu mai kanwa da yawa kullum, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwar tana tara ruwa a jiki, zafin yana ƙara wa zuciya aiki, da yawansu kuma jininsu a sama yake lokacin da aka kawo su. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari, seleniyam, don haka ba kanwa kaɗai za a ɗora wa ba. Amma cewa kanwa 'yar uwar gishiri ce a jiki, wannan ba gardama.

Hajiya Mai Atamfa:
Su Dabitsan ɗin sun taɓa haihuwa ne?

Sista Maman Haidar:
Hajiyata, ba wanda ya ce a fasa kunu. A rage kanwar ta zama ta ɗanɗano, ruwan wanka ya zama mai ɗumi ba mai sale fata ba, wadda kuma aka ce jininta ya hau a goyon ciki ta haƙura da ita gaba ɗaya. Tsakani da Allah, yaushe rabonki da awo?

Hajiya Mai Atamfa:
Watan jiya, 138 bisa 84. Ai ina shan 'yar ƙwayata kullum bayan asuba, yarana ba sa bari ta yanke. Zoɓon ƙari ne.

Na Bakin Kasuwa:
Kai jama'a! Hajiya, ashe da ƙwaya a bayan fage kika tura bawan Allah ga zoɓo!

Hajiya Mai Atamfa:
Ya tambayi na gida ne, na ba shi na gida.

Likitan Gobe:
Kuma zoɓon ba ƙarya ba ne, kada a yi masa dariya. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau kuma ba sa shan magani. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har sati shida, lambarsu ta sama ta sauka da wajen maki 7. Waɗanda aka ba wani abin sha mai kama da shi, maki 1 kacal. A Inugu ma an gwada shi a kan masu matsakaicin hawan jini an ga ya sauke. Tafarnuwa ita ma tana ɗan taɓawa, sai dai tana tsinka jini, mai shan asfirin ko wanda za a yi wa aiki ya faɗa wa likita.

Sista Maman Haidar:
To Baban Ilham, cire 7 daga 168. Saura 161. Ka ga inda zoɓo ya tsaya. Ka sha abinka, amma na gida, ba na ƙullin leda ko roba da aka narka wa sukari da kayan ƙamshi ba. Kuma ka gaya wa likita kana sha, don in ya haɗu da ƙwaya wani yakan ji jiri in ya miƙe.

Abin da na lura da mu: da an ce maganin gida, sai mu fara neman abin da za mu ƙara, saiwa ko ganye ko gari a kwalba. Alhali babban aikin yana wajen abin da za a cire daga tukunya da jiki.

Mai Kyamis Na Kwana:
Sista, akwai wanda ba ku ambata ba, ni ne nake ganinsa kullum bayan magariba. Masu dako, 'yan adaidaita, leburorin gini, kowa ya zo sai "ba ni na ciwon jiki mai ƙarfi." Abin da suke so diklofenak ne ko ibufurofen ko feldin, wani ya haɗa biyu ya kora da lemon ƙarin kuzari, kullum ta Allah. Waɗannan magungunan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna kuma karya ƙarfin maganin hawan jinin da mutum ke sha. Tsofaffi masu ciwon gwiwa su ma haka. 'Yan mata kuma ƙwayar deksa (deksametazon) don a yi ƙiba kafin biki, fuska ta cika ta yi tulu-tulu su ɗauka lafiya ce. Mayukan bilicin da yawa akwai dangin deksa a ciki, fata tana shanyewa. Har wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da ƙwayar tazarar haihuwa ga wasu matan, duk waɗannan suna iya ɗaga jini.

Sannan akwai masu sayen ƙwayar hawan jini, amlodifin, guda biyu kacal. In ka tambaya sai a ce "ai sai na ji kaina ya yi nauyi nake sha." Wani ya bari don ƙafa ta ɗan kumbura, wani don lisinofiril, shi ma maganin hawan jini, ya sa shi busasshen tari. Duk ana iya canza musu wani in sun koma asibiti. Kuɗin ƙwayar wata guda bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na zama ɗaya ba, wankin kuwa sau biyu ko uku ake yi a sati.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku amma lambobinku sun rikita ni. Ni a likita an ce tansiyona 17 da 10. Ku kuna ta batun ɗari da wani abu, ke nan nawa ƙasa yake ƙwarai? Sannan mu nan shayi ne al'adarmu, a fada, wato majalisarmu ta hira, sai mun sha na ɗaya da na biyu da na uku, ga goro. Shi ma da matsala?

Sista Maman Haidar:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba ƙasa yake ba. Awon ku na tsarin Faransa ne, ƙara sifili a kowace lamba: 170 bisa 100. Kai da Baban Ilham layi ɗaya kuke, ka koma a sake aunawa.

Shayi mai kauri da goro suna ɗaga jini na ɗan lokaci, sukarin da ake tulawa kuma yana tara teɓa. Ka tsaya a kofi ɗaya. Ranar awo kada ka sha shayi ko ka ci goro ko ka busa taba rabin awa kafin nan. Ka yi fitsari, ka zauna minti biyar ka jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu. A auna sau biyu. Mai kaurin dantse ya nemi babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba ta ƙarya. Wanda ke da hali ya sayi na'urar dantse ya ajiye a gida, ya riƙa rubutawa a littafi, ta fi ta wuyan hannu gaskiya.

Angon Biyu:
Duk na ji, amma ku ba ni dabara. Mata biyu gare ni, kowacce ranar girkinta so take a ce nata ya fi. Wa zan fara ce wa ta rage magi? Wadda ta rage, yara su ce miyarta lami ce, ni kuma na shiga uku.

Uwar Girki:
Alhaji, tara su za ka yi lokaci ɗaya, ka ajiye takardar asibiti a gabansu, ka ce likita ne ya ce. Kada ka aika ta bakin ɗaya.

Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai a ƙi cin abincin. Mai sa takwas ta koma shida, bayan sati biyu huɗu, a haka har a kai biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ka ci abincin biki ka ji gishiri ya yi maka yawa. Abin da ke cike gurbin: daddawa mai kyau a daka ta da albasa da citta, a soya albasa a hankali har ta yi ja kafin a zuba kayan miya, a bar tumatir ya ƙone ruwansa sosai, a sa garin busasshen kifi, masoro, kimba, tafarnuwa. In dunƙule ya shiga, gishiri kada ya shiga, ɗaya za a zaɓa. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. Yajin tebur a daka na gida da ƙuli-ƙuli da citta da barkono, ba dunƙule. Dafa-duka ko kwaɗo, a matsa lemun tsami a ƙarshe. Kuma kada a ware wa maigida 'yar tukunyarsa shi kaɗai kamar mai takaba, ba ya ɗorewa. Gidan duka a rage, yaran ai jininsa ne.

Likitan Gobe:
In ƙara a kan na Anti: akwai abin da ake so a yawaita, wato abinci mai fotasiyam, shi ke taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam. Ba sai an nemi kayan kanti ba: wake, dankali, kabewa, alayyafo, zogale, rama, ayaba, lemu, gwanda, dabino, tumatir, da nono marar maiƙo sosai. A gwajin da aka wallafa a Amurka a 1997, masu hawan jini da aka ɗora kan abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono marar maiƙo, lambarsu ta sama ta sauka da wajen maki 11 cikin sati takwas. Ya fi na zoɓo. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin kuma an ba mutum kusan 21,000 gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗunsa da fotasiyam, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai mai ciwon ƙoda fotasiyam na iya yi masa illa, shi ya sa Sista ta ce a fara duba ƙoda.

Uwar 'Yan Biyu:
Kwaɗon zogale da rama dai muna ci. Amma motsa jikin da ake ta faɗa, mu da ba ma fita fa? Ko in sa hijabi in yi ta gudu a layi a ce na zautu?

Sista Maman Haidar:
Ba gudu ake nema ba, 'yar uwa. Minti 30 a yini, kwana biyar a sati, ya ba da minti 150 da ake so a sati, kuma ana iya rabawa goma-goma. Ma'auninsa: numfashi ya ɗan hau, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba, shara da wanki da hannu, daka, tsallen igiya tare da yara in gwiwa lafiya. Wannan kaɗai yakan sauke maki 5 zuwa 8. Mai ƙiba kuma kowane kilo ɗaya da ya zubar, kusan maki ɗaya ne. Maza ku ajiye babur ku taka zuwa masallacin da ya fi nisa. Baban Ilham, duk awa ka tashi daga kan keken nan ka zagaya shago.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka da alheri. Ƙaho fa? Sunna ce, kuma ana cewa yana fitar da mataccen jini.

Sista Maman Haidar:
Allah gafarta Malam, ka yi ƙahonka wajen mai tsabta da sabuwar reza. Amma hawan jini ba yawan jini ba ne balle a zuƙe a rage, matsin da ke cikin jijiya ne. Ka auna kafin ƙaho, ka sake aunawa bayan sati, ka riƙe maganinka a tsakani.

Amaryar Bana:
Sista don Allah, ina ta karantawa gabana na faɗuwa. Yayata cikinta wata takwas, na fari. Tun jiya take kukan ciwon kai, fuskarta da hannunta sun kumbura har zobe ya ƙi fita, yanzu kuma ta ce tana ganin wasu taurari-taurari, ga ciwo a saman cikinta ta dama. Surukarta ta ce haka cikin fari yake. In dafa mata zoɓon ne?

Sista Maman Haidar:
A'a! Ba zoɓo, ba jiƙo, ba jiran safiya. Ku kai ta asibiti yanzu, babba wanda ke karɓar haihuwa da dare, ba kyamis ba. Duk abin da kika lissafa alamun hawan jinin masu ciki ne da ya yi tsanani, shi ke zama jijjiga, yana iya tafiya da uwa da ɗa cikin sa'o'i. Mai ciki ko 140 bisa 90 ta kai ba a wasa, balle da ciwon kai da ganin taurari. Akwai allurar da ake yi mata ta hana jijjigar, akwai maganin sauke jinin da bai cutar da ciki. Kira mijinta. In yana nesa ku nemi izini ta waya kuna tafiya.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yata, tashi. Ba surukar waya in yi mata magana in ta tsaya gardama.

Amaryar Bana:
Mijin ya ce mu tafi zai same mu can. Ƙanena ya fita neman adaidaita.

Sista Maman Haidar:
Ku ɗauki katin awon cikinta. Kuna isa ki ce wa ta bakin ƙofa "mai ciki ce, ciwon kai da kumburi da ganin taurari," kada ku bi layi. In ta fara jijjiga a hanya ku kwantar da ita ta gefen hagu, kada a danna mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa.